Rasuwar Ɗan Duro, Baron 'Yan Bola

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci wanda tarbiyya ta hana a rubuta sunansa a allon sanarwa, Wasila Tukur Bungudu, 'yar aji shida kuma shugabar Ƙungiyar Tsafta ta Sakandaren 'Yan Mata ta Tudun Kanya, tana sanar da ɗalibai, da malamai, da iyayenmu na kicin, da manoman da ke zuwa ɗibar taki, rasuwar baron ƙungiya, wanda aka fi sani da Ɗan Duro.

Ya cika ranar Asabar, goma ga Oktoba, 1998, da hantsi, a kan hanyar da ke tsakanin kicin da ramin taki na uku, yana ɗauke da kaya, bayan jinyar da ba shi ya jawo wa kansa ba. Ya rasu yana da shekara ɗaya da wata goma. A cikin wannan ɗan lokacin ya yi wa makarantar nan aikin da wasu masu kujera da fanka ba su yi ba a shekara goma sha biyar.

Wajibi ne a faɗi asalinsa, domin 'yan aji ɗaya da suka zo bana sun tarar da bayan kicin fili ne mai shukar yakuwa, suna zaton haka Allah ya halicce shi. To ba haka ba ne. A wurin nan akwai juji wanda ya girmi yawancin ɗaliban makarantar. Ya fi katangar kicin tsayi. Ragowar tuwo, gwangwanayen madara da na tumatir, ledar fiya-wata, tsinkakkun silifa, fasassun kwalabe, duk nan ne makomarsu. Ungulaye sun mai da rufin ɗakin cin abinci majalisa. In iska ta juyo da rana tsaka, sai mai cin abinci ta zaɓa, ko ta toshe hanci ko ta kai loma, don hannu biyu gare ta kuma ɗaya na korar ƙuda. Kowa ya ga jujin, kowa ya tofa yawu ya wuce. Ofishin mataimakin shugabar makaranta, Malam Zaharaddeen, yana can gabas inda iskar ba ta kaiwa, saboda haka a hukumance babu juji.

Abin da ya tayar da Wasila akuya ce. Tana aji huɗu a lokacin. Inna Lantana, babbar mai dafa abinci, tana da wata jar akuya mai ciki da take ji da ita, sai akuyar ta daina cin abinci ta kama rama, har aka yanka ta kafin ta mutu a banza. Wasila na tsaye da kwanon wanki lokacin da aka farka tumbin. Leda aka zaro, a murɗe kamar gammo, ana ja tana fitowa, ana ja tana fitowa, ga 'ya'ya biyu a ciki da ba su ga duniya ba. Inna Lantana ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zani. Wasila ta kasa cin tuwon ranar. Washegari ta je wurin Malama Bara'atu mai koyar da aikin gona ta tambaye ta ko akwai abin da ake yi da shara ban da tarawa. Malama ta dube ta ta ce shekara uku tana koyar da yadda ake takin gargajiya, yau ne aka fara yi mata tambayar da ba ta jarrabawa ba.

Su goma sha biyu suka fara, da bokitan wankansu. Sati biyu suna kwasa a ka, jujin ko gezau. Sai suka wanke hannu, suka gyara ɗankwali, suka je ofishin Malam Zaharaddeen roƙon baro. Ya bar su tsaye har ya gama jaridarsa, sannan ya leƙo ta saman tabarau.

"Ke ɗiyar wa ce?" ya tambayi Wasila.

"Ɗiyar Malam Tukur maƙeri, Malam. Na Bungudu."

"Awo. To shi ya sa. Uwayenku karatu sunka aiko ku ko kwasar bola? Ku ɓace mini da gani, 'yan bola kawai."

Sunan ya bi su tun daga ranar. Da farko yana yi musu zafi, wasu uku ma suka fita daga ƙungiyar saboda shi. Daga baya sauran suka karɓe shi suka rataya a wuya, tunda dai shi kaɗai ne gudummawar da ofis ya taɓa ba su.

A hutun Disamba Wasila ta kai kuka gida. Malam Tukur mutum ne mai ƙarancin magana, garma da fartanya ne sana'arsa, bai taɓa ƙera baro ba. Ya saurare ta yana zuga wuta. Bayan kwana biyu sai ga shi ya turo wani tsohon duron kwalta da masu gyaran titi suka yar a bakin hanya. Ya tsaga shi biyu da kurfi da guduma, ya ƙone kwaltar da ta manne a ciki. Hannuwa da ƙafafu daga ƙarafan wani karyayyen gado suka fito. Taya kuwa ta wata matacciyar Basfa ce da ta shekara a jingine a bayan shagon wani bakanike. Ya ɗora su duka a mota ya kai wa mai walda a Sabon Gari a Gusau, ya tsaya a kansa har aka haɗa. Da ya dawo da shi ya tura shi sau biyu a tsakar gida, ya ce, "Ga shi nan. Ba shi da kyau, amma ba shi ba ki kunya."

Haka aka haifi mamacin: uwarsa duro, ubansa gado, ƙafarsa ta aro. Babu abin da ke jikinsa da ba a taɓa yarwa ba. Ranar komawa makaranta ya sauka daga but ɗin tasi tare da akwatin Wasila, 'yan mata suka taru a bakin ƙofa suna dariya har da riƙe ciki, wata ta ce, "Wanga kam ɗan duro ne," shi ke nan aka yi masa suna ba tare da an yanka rago ba.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaida halinsa. Ba ya zaɓen kaya. Ruɓaɓɓen tuwo da kashin shanu da toka duk ɗaya ne a wurinsa, bai taɓa yatsina fuska ba, bai taɓa cewa a rubuto masa takarda tukuna ba. Ba ya latti, ba ya tafiya Gusau ranar Alhamis ya dawo Talata. Yana da murya, kuma duk makarantar ta san ta. In babu kaya yakan ce garan-garan-garan kamar mai neman faɗa. In an loda shi sai ya koma ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ, a hankali, kamar tsohuwa mai hawan tudu. Inna Lantana takan ɗiga masa man gyaɗa a gindin taya duk Juma'a, ya yi shiru kwana biyu don kunya, ran Lahadi ya koma kukansa. Da wannan kukan masu nauyin barci suke gane gari ya waye, domin ya fi ƙararrawar makaranta cika alkawari.

Da shi aka rushe jujin. Ba zubarwa kawai aka yi ba, Malama Bara'atu ta hana. Aka haƙa ramuka huɗu a bayan lambu, duk abin da ke ruɓewa ya tafi can, a bi shi da toka da busasshen ganye, a yayyafa ruwan wanke-wanke, a juya duk sati biyu. Gwangwanaye aka wanke aka tara wa masu ƙera fitilar aci-bal-bal da mazurari. Kwalabe suka tafi wurin mata masu man gyaɗa a Tsafe, ta hannun Delu, 'yar 'Yandoto, mataimakiyar Wasila, wadda gwaggonta ke sana'ar. Leda aka wanke aka shanya aka yanyanka, 'yan mata suka tufka igiyar shanya da ita, wasu suka saƙa tabarmar zama. Har tsinkakkun silifa ba su tsira ba, an yanka ƙasansu an toshe famfunan da suka shekara suna yoyo a bayan ɗakunan kwana. Duk wannan a cikin Ɗan Duro ya yi tafiya, sawu talatin a rana in aiki ya yi aiki. Malam Zaharaddeen in ya hango su daga baranda sai ya ciro hankici ya toshe hanci, ko da kuwa tazarar ta kai filin ƙwallo.

Akwai rana ɗaya da ba za a rufe tarihin mamacin ba tare da ita ba. A daminar 1997, wata Talata bayan an tashi daga aji, ana tone gindin jujin, Delu ta sa hannu ta ɗaga wani ruɓaɓɓen kwano, sai kububuwa ta sare ta a idon sawu. Motar makaranta ta yi wata biyu a ajiye babu mai, kamar yadda motocin kowa suke a shekarar. Daga makaranta zuwa bakin titi tafiya ce mai nisa, ga taɓo. Wasila ta ruga ofis tana haki. Malam Zaharaddeen ya ce ɗaliba ba ta fita ƙofar makaranta sai da takardar izini, kuma littafin takardun yana cikin durowa, kuma makullin durowar yana wurin akawu, kuma akawu ya tafi salla. Ta juyo ba ta ko yi sallama ba. Kafin ta dawo Malama Bara'atu ta riga ta juye takin da ke cikin baron, ta shimfiɗa mayafinta. Aka ɗora Delu, ƙafa ta fara kumbura tana zubar da jini ta wurin saran. Wasila ta kama hannuwan baron, Malama na gudu a gefe tana riƙe da kan yarinyar, maigadi ya buɗe ƙofa bai tambayi kowa takarda ba. Ɗan Duro ya shiga taɓo ya fita, yana ƙiiƙ-ƙiiƙ-ƙiiƙ da sauri irin wanda ba a taɓa jin ya yi ba, bai kife ba, tayarsa ba ta sace ba. A bakin titi aka tare motar gero da ta fito daga Bungudu ta kai su asibiti a Gusau. Delu ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance. Tana nan da ranta, ita ce ma ta riƙe wa Wasila gam lokacin manna wannan sanarwar. Takardar izinin fitarta kuwa an sa mata hannu ranar da ta dawo.

Da kaka ta yi, takin ramin farko ya nuna, baƙi wuluk, yana ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Takin zamani ya yi wuya a shekarar, sai labari ya kai ƙauyuka. Wani dattijo, Baba Sule, ya zo tun daga Mada da jakuna uku. Ya damƙi takin ya murza ya shinshina, ya ce, "Ɗiyana, wa ya koya muku wanga aiki? Ko kakana iyakar abin da ya iya ke nan." Ya bar musu irin kuɓewa da yakuwa da kabewa. Aka shuka a inda jujin yake. Daga nan ne miyar makarantar nan ta fara yin kama da miya.

Sai ɗaukaka ta zo, kuma daga ɗaukakar ne ajali ya fara leƙowa. A watan Fabrairun bana aka ce masu duba makarantu za su zo zaɓen makarantar da ta fi tsafta. Kwana uku kafin zuwansu Malam Zaharaddeen ya gano cewa akwai Ƙungiyar Tsafta a makarantar, kuma ashe tun farko shi ne ya kafa ta. Ya sa aka yi wa Ɗan Duro fenti kore da fari, ba a ko kankare takin da ke jikinsa ba. Ranar da baƙin suka zo ya sha babbar riga mai aiki, ya jera 'yan ƙungiya a rana, ya yi jawabin rabin awa a kan yadda tunanin ya zo masa. Sau tara ya ce "ni". Wasila ce ta ƙirga, don ba ta da abin yi a tsaye. Da mai hoto ya shirya, Malam ya naɗa hankici a hannun baron kafin ya kama, ya ɗaga shi ya yi murmushi, baron kuwa babu komai a ciki sai furen roba da aka aro daga ofishin shugaba. Mamacin ya jure. Ko ƙiiƙ bai ce ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Makaranta ta zo ta ɗaya. Aka ba ta kyautar sababbin baro guda biyu, jajaye, 'yan kanti, da ledarsu a hannu. 'Yan bola suka yi guɗa, suka ce yanzu Ɗan Duro zai sami masu taya shi. Da yamma aka tura jajayen sito aka rufe. Da Wasila ta je tambaya sai Malam Zaharaddeen ya ce kayan gwamnati ne, ba za a lalata su da shara ba. Suna can har yau, babu wanda ya taɓa jin muryarsu.

Jinyar ajali ta fara ne a dogon hutu. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha kowa ke gini, Malam Zaharaddeen ma ya kafa nasa. Sati ɗaya da tafiyar ɗalibai ya turo a-kori-kura, aka ɓalle kwaɗon rumfar da ƙungiya ke ajiye kayan aiki, aka ɗauki Ɗan Duro. Malam bai taɓa jajayen ba, kada fentinsu ya goge. Maigadi ya ce ya yi magana, aka ce masa aro ne, kwana biyu. Sati biyar mamacin ya yi a wurin ginin. Shi da aka ƙera don ganye da toka, aka ɗora masa bulo takwas-takwas, aka loda masa tsakuwa, aka kwaɓa siminti a cikinsa aka bar shi ya kwana ba wanki. Babu mai ɗiga masa mai. Da aka gama da shi aka dawo da shi aka jefar a bayan rumfa, a kife.

A haka Wasila ta same shi ranar dawowa hutu. Ƙarfen tayar ya lanƙwashe, cikinsa ya tsage tun daga baki har gindi, hannun hagu ya rabu da walda, siminti ya daskare a gefe ɗaya kamar ƙari. Ta tsuguna ta daɗe tana kallonsa. Delu ta ce ta bari su je wurin Malama tukuna, ta ƙi. Ta miƙe ta nufi ofis da kayan gida a jikinta, ta tarar da Malam Zaharaddeen da baƙi biyu.

"Malam, wa ya ɗauki baronmu?"

"Ke, ba ki iya gaisuwa ba?"

"Ina wuni, Malam. Wa ya ɗauki baronmu?"

Ya yi dariya yana duban baƙinsa. "Ku ji mini ɗiya. Baro ne hwa, ba mutum ba. Daga bola ya hito, bola za shi koma. Mi ne abin tada jijiyar wuya?"

"Babana ya ƙera shi, Malam. Kuma da ya hito daga bolar, aiki ya yi. Akwai waɗanda ba daga bola sunka hito ba."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙatar ƙarasawa, don ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuyar da kai yana tari. Washegari a taron safe aka kira sunanta a gaban makaranta duka, aka tuɓe ta daga muƙamin firifet ɗin tsafta saboda rashin kunya, aka ce in ta ƙara za a aika wa mahaifinta ya zo ya ɗauke ta, ko da jarrabawar fita ta rage saura kwana ɗaya. Sannan Malam Zaharaddeen, bayan dogon nazari, ya yanke mata hukunci mafi tsanani da ya iya tunanowa: sati guda tana kwasar shara. 'Yan aji shida suka cije leɓe. Wasila ta karɓi hukuncin da ladabi, ta je ta ci gaba da abin da take yi kullum tun tana aji huɗu. An ce babba juji ne, kowa ya kwaso ya zuba ya haƙura. Ba a gaya mana abin da za a yi ba in babban ya ɗauki maganar a zahirinta.

Ba a bar mamacin ba magani ba. Malam Tukur ya zo da kansa ranar ziyara da guduma da awartaki a buhu. Ya kwantar da baron, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya saurara kamar mai duba mara lafiya. Ya miƙar da abin da zai miƙu, ya ɗaure hannun da waya. Simintin ya ƙi fita, in an matsa masa da guduma tsagar ƙaruwa take. A ƙarshe ya goge hannu a riga ya ce, "Wanga ya gama, Wasila. Ku lallaɓa shi." Ya ji labarin abin da ya faru a ofis daga bakin maigadi, amma bai yi mata faɗa ba, bai kuma yaba mata ba. Da zai tafi ne kawai ya ce ta riƙe karatunta da kyau, ƙarfe ba ya ƙarewa a duniya.

Sati uku ya ƙara yana aiki a karkace, rabin kaya, muryarsa ta koma ƙurrr, ƙurrr, kamar mai ciwon ƙirji. Ranar Asabar ɗin Wasila ce ke tura shi da ɓawon kabewa da tokar kicin. Saura taku kamar ashirin su kai rami sai ya ce ƙwaram, sau ɗaya. Ƙarfen ya karye. Tayar ta fice ta yi gaba ita kaɗai, ta gangara har bakin ramin ta kwanta, shi kuma ya durƙusa a kan hanci, kayan suka zube. Wasila ta tsaya riƙe da hannuwansa biyu, ba ta sake su ba sai da Inna Lantana ta fito daga kicin ta ɓamɓare yatsunta, tana cewa, "Sake shi, ɗiyata, ya yi nashi." Ta yi kuka, kuma ba ta jin kunyar a rubuta. Daga nan 'yan ƙungiya suka je suka ɗauko bokitan wankansu suka kwashe abin da ya zube, suka kai rami.

Ya rasu ya bar ramukan taki huɗu, biyu sun nuna. Ya bar lambu, da igiyoyin shanya a bayan kowane ɗakin kwana, da 'yan ƙungiya arba'in da ɗaya, waɗanda yanzu wuyansu ke ciwo. Ya bar shebur ɗaya mai karyayyen baki, da manjagara biyu, da tsintsiyoyi masu yawa waɗanda suka yi zaman makoki a jingine. Ya bar ƙanne biyu jajaye da bai taɓa haɗa hanya da su ba, masu lafiya, masu ƙiba, marasa amfani. Ya bar hoto guda a bangon ofis, inda aka rubuta sunan wanda ke riƙe da shi da manyan baƙaƙe, shi kuma ba a ambace shi ba. Ya kuma bar gida mai ɗaki huɗu da falo a Gusau, wanda ya ɗauki bulonsa a cikinsa tun daga tushe har linta, ko da yake ba a sa ran magada za su ga ko makullin bayi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, sha bakwai ga wata, da ƙarfe goma na safe, bayan duba ɗakuna. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, kuma ƙungiya ta san iyakarta. Ba za a binne shi ba kuma, don bai yarda da binne abin da ke da sauran amfani ba. Malam Tukur zai jira a bakin ƙofar makaranta. Hannuwan za su zama fartanya biyu na lambu, gefen duron da bai tsage ba za a naɗe shi murhun gawayi a ba Inna Lantana, tayar kuma Delu ta roƙa an bar mata. Za a karɓi gaisuwa a bakin rami na uku. Mai zuwa kada ta zo hannu rabbana, ta zo da bokitinta, domin ranar juyin taki ce kuma mutuwa ba ta ɗaga ta ba. Ba a buƙatar jawabi. Ba a gayyaci mai hoto ba.

Daga rumfa zuwa ƙofa a hannu za a ɗauki gawar, ta gaban ofis, don babu wata hanyar. Mutum huɗu ake buƙata. Wasila ta kama kusurwa ɗaya, Delu ɗaya, Malama Bara'atu ɗaya. Ta huɗun, wadda simintin ya daskare a cikinta, an keɓe ta ga Malam Zaharaddeen, tunda duk makarantar nan babu wanda ya kai shi sanin abin da mamacin zai iya ɗauka, ya dace ya san nauyinsa shi ma sau ɗaya. Za a jira shi minti goma, kamar yadda ake jiran manya. In bai fito ba, Wasila za ta haɗa kusurwa biyu ta ɗauka.